Wa Ke Wanke Cikin Bututun Famfo?

Jawabin da kwamitin tsafta da lafiya ya gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu

 

Muna gode wa Allah da ya nuna mana wannan rana da rai da lafiya. Muna gaishe da uwar ƙungiya da sauran shugabanni, da iyayenmu mata da suka kafa wannan tafiya tun ba a san za ta kai haka ba, da malamai, da mazajenmu da suka bar gona da kasuwa suka zo taya mu murna. 'Yan uwa da suka taso daga Yammedi da Turawa da Kurugu, da mutanen ɓangaren Rogo, na Zarewa da Fulatan da Beli, sannunku da hanya. Allah ya ba da ladan zumunci.

Ma'aji ta gama karanta mana lissafin kuɗi, kowa ta ji inda aka kwana. Mu a kwamitin tsafta namu lissafin na ruwa ne, kuma za mu fara shi da abin da ya same mu, don kada wata ta ce mun zo yi wa mutane wa'azi alhali namu zanin ma da datti.

Da daminar bara famfon gidan sana'armu, inda muke dafa zoɓo da kunun aya, ya fara yoyo ta ƙarƙashin ƙasa. Muka kira mai gyara, ya tona, ya yanke guntun bututun roba kamar kamu ɗaya ya jefar gefe. Ɗaya daga cikin iyayenmu ta ɗauka, ta ɗaga shi sama ta leƙa ciki. Sai muka ji ta ce, "Ikon Allah! Ku zo ku gani. Ni randata in ta kwana uku ban wanke ba sai ta yi yauƙi. Wannan kuwa shekara nawa yana binne, ba wanda ya taɓa sa masa soso, amma ga shi fes. Wa ke wanke shi?" Muka yi dariya, amma a cikinmu babu wadda ta iya ba ta amsa.

Dariyar ba ta daɗe ba. A ranar mai gyaran ya hau ya duba tankinmu na sama, ya sauko ya ce, "Hajiya, yaushe rabonku da leƙa tankin nan?" Ashe iska ta daɗe da ɗauke murfin. Cikinsa ya yi kore shar, ga ganye, ga kashin tsuntsaye, har da mataccen ƙadangare. Da wannan ruwan muke haɗa zoɓon da yara ke saya a bakin makaranta, cikinsu har da 'ya'yanmu. Muka zubar da abin da muka dafa a ranar, muka dakatar da sana'a har aka wanke tanki. Asarar kuɗi mun yi ta, amma abin da ya hana mu barci shi ne tunanin abin da ka iya faruwa da Allah bai tsare ba.

To ga bututu fes, ga tanki kore, kuma ruwa ɗaya ne ke bi ta cikinsu. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Muka shiga tambaya: masu gyaran famfo, ma'aikatan lafiya, da 'ya'yanmu masu karatun kimiyya. Abin da muka samo shi muka kawo muku yau.

Dalili na farko, ruwan famfo na gwamnati ba ya shiga bututu sai an yi masa wanka. Mu mutanen Karaye ai a bakin ruwa muke. Ga madatsar Kusalla a nan kusa da mu, ga babbar madatsar Challawa da aka kammala a 1992, wadda ruwanta ke gangarawa har Panshekara inda ake tace shi don mutanen birni. Kano ta fara shan ruwan famfo tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Kun san yadda ruwan dam yake da damina, jajir kamar an dama kunun kanwa. A matatar ruwa ana zuba masa alif, wanda wasu ke kira alam, irin wanda iyayenmu ke kaɗawa a ruwan rafi. Alif ɗin yana tattara laka ta dunƙule ta kwanta a ƙasa. Sai a bi da ruwan ta cikin yashi da tsakuwa ya ƙara tacewa. Daga ƙarshe a sa masa kulorin, sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta. Ruwan da aka cire wa laka da ruɓaɓɓen ganye ba shi da abincin da ƙwayoyin cuta za su ci su hayayyafa, ko da 'yan kaɗan sun tsira.

Dalili na biyu, kulorin ɗin ba ya ƙarewa a matata. Da gangan ake barin ɗan kaɗan ya biyo ruwan, ya yi masa rakiya har bakin famfonki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kamata a samu aƙalla miligiram 0.2 a kowace lita a inda mutum ke tarar ruwan. Abu ne ɗan mitsitsi, amma shi ke kashe yawancin ƙwayoyin da suka yi ƙoƙarin zama a hanya. Wannan ɗan warin da wasunmu ke ji su ce ruwa yana warin asibiti, har su ƙi sha su koma rijiya, to 'yar uwa, warin nan shi ne shaidar mai gadi yana nan bai yi barci ba. A birnin Jersey City na Amurka aka fara sa kulorin a ruwan gari kullum a 1908, kuma garuruwan da suka bi sahu sun ga yadda zazzaɓin taifot ya ja baya.

Dalili na uku, cikin bututu duhu ne. Wannan kore da muke gani a tanki da jarka, wato gansakuka, tsiro ne kamar kowane tsiro, ba ya rayuwa sai da hasken rana. Kowaccenmu ta taɓa ganin hujjar wannan da idonta. Ku tuna tiyo mai garai-garai da ake jan ruwa da shi, wanda ake ganin ruwa na gudu a ciki: in ya yi wata ɗaya a rana, ba kore yake yi ba? Amma bututun da ke binne, rana ba ta taɓa leƙa shi ba. Shi ya sa ake yin tankin roba baƙi. Tankinmu bai yi kore ba sai da murfi ya tafi, haske ya samu ƙofa.

Dalili na huɗu, a rufe yake ruf. Ƙuda ba ya sauka, ƙurar hunturu ba ta shiga, akuya ba ta sa baki, yaro ba ya tsoma hannu. Ku ƙirga hannu nawa ke shiga randa daga asuba zuwa isha'i a gida mai yara bakwai. Bututu ko hannu ɗaya bai sani ba.

Dalili na biyar shi ne wanda ya fi ba mu mamaki, kuma muna roƙon a saurare shi da kyau. Ruwan da ke cikin bututu a cike yake, yana tunkuɗa bangon bututun da ƙarfi ta kowane ɓangare. Shi ya sa in bututu ya huje, ruwa ke tsartuwa waje. Muddin yana tsartuwa waje, ƙazanta ba ta da hanyar shiga, kamar ɗakin da mutane ke ta fitowa a guje, ba mai iya kutsawa ciki. Ga shi kuma ruwan tafiya yake yi. Duk sanda aka buɗe famfo, sabon ruwa ya ture tsoho, ya share abin da ke neman kwanciya. Kenan amsar tambayar Inna ita ce, ruwan da kansa ke wanke bututu, in dai yana nan a cike kuma yana gudu.

Amma fa kada mu tafi da cewa cikin bututu tas yake kamar farantin amarya. In kika sa yatsa a tsohon bututu za ki ji ɗan santsi a jikinsa. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke manne wa bango su yi wa kansu shimfiɗa. Yawancinsu ba sa cutarwa, kuma kulorin da gudun ruwa suna hana su yin yawa. Bututun ƙarfe kuma yana tsatsa ta ciki, har ramin ya tsuke ruwa ya rage ƙarfi. Shi ne ke ba da jan ruwa da safe. Farin abin nan da ke kamawa a bakin famfo ko a gindin butar shayi gishirin ƙasa ne da ruwa ke ɗaukowa daga dutse, ba cuta ba ne. Bututu ba tsafi ba ne. Tsaftarsa ta dogara ga waɗancan abubuwa biyar, kuma ɗaya na faɗuwa, ƙofa ta buɗe.

Bari mu zo gida. Mu a garuruwanmu ba kullum ruwa ke zuwa ba. In an ɗauke wuta ko injin ya tsaya, bututu ya wofinta. To a nan ne abin ke juyewa. Hujin da jiya yake tsartar da ruwa waje, yau shi zai tsotso na waje ciki. Yanzu ku tuna inda bututunmu ke bi: ta cikin kwata, ta gefen lambatu, wani ma ta bayan masai, an ɗaure fashewar da tsumma ko robar taya. Da damina ƙasa ta jiƙe, ruwan kwata ya kwanta a kan bututu, bututu ya sha. Ranar da ruwa ya dawo, abin da ya sha shi zai fara amayowa a bokitinki. Shi ya sa ruwan farko ke zuwa da launi, wani lokaci da wari. Mu kuwa don ɗoki da tsoron kada a ɗauke, shi muke rige-rigen tara wa randar sha.

Wannan ba sabon abu ba ne a duniya. A 1854 kwalara ta kashe mutum sama da 600 a wata unguwa ta birnin Landan. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida-gida yana tambaya ina mamatan ke ɗiban ruwa, ya gano yawancinsu famfon tuƙa-tuƙa ɗaya suke sha, na titin Broad. Aka cire hannun famfon. Da aka bincika daga baya, sai ga ramin ƙazanta dab da rijiyar, yana tsiyaya ciki. Mutane kuwa suna son ruwan famfon nan, don a ido garau yake. Mu ma nan ba mu manta 2021 ba, shekarar da amai da gudawa ya kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ya kashe sama da 3,000, kuma Kano na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Akwai gidajen da har yau ba su daina kuka ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

A Islamiyya an koya mana cewa ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su canza ba, ya halatta a yi alwala da shi. Wannan hukuncin tsarki ne, kuma yana nan daram. Sai dai ƙwayar kwalara da ta taifot ba su da launi, ba su da wari. Ruwa zai iya isa alwala amma bai isa a ba jariri ba. A riƙe wannan bambanci.

Akwai kuma abin da ya shafi yawancinmu kai tsaye. Da yawa daga cikinmu ba ruwan matata muke sha ba, na burtsatse ne, mai sola ko mai janareta, da ake turawa tanki ya sauko ta famfo. Ruwan da ya fito daga zurfin ƙasa yawanci mai kyau ne, don ƙasa da dutse sun tace shi. Amma babu kulorin a cikinsa, ba shi da mai rakiya. Da zarar ya shiga tanki marar murfi, ko ya kwana biyu yana ɗumama a rana, ba abin da zai kare shi. Ganin ruwa na fitowa daga famfo ba shi ke nuna an sa masa magani ba. Sannan in za a haƙa rijiya ko burtsatse, a nisanta shi da masai da shara. Masana na cewa a ba da tazarar kamar mita 30.

Yanzu ku biyo mu mu bi ruwan daga bakin famfo zuwa bakin yaro, taku goma kacal. A bakin famfon an ɗaura tsumma don kada ruwa ya fantsama, tsumman ya yi wata uku a jiƙe. Ko an sa tiyo, bakinsa na kwance a ƙasa inda kaji ke kiwo, ko an tsoma shi cikin baho. In ruwa ya ɗauke a wannan lokacin, tiyon zai iya zuƙe na bahon ya mayar cikin bututu. An tara a jarkar da ba a san rabon cikinta da sabulu ba, an toshe bakinta da leda. An juye a randa a kan ragowar na shekaranjiya. Moɗa na ƙasa, yaro ya ɗauka ya tsoma har wuyan hannu. Duk abin da ya kare ruwan nan tun daga dam, tafiyar kilomita da yawa, mun warware shi a tsakar gida. Duhu ya tafi, rufi ya tafi, gudu ya tsaya, ɗan kulorin ɗin ma in ruwa ya kwana a buɗe sai ya bi iska.

Ba muna faɗin haka don a ji kunya ba ne. Albishir ne. Matata ba a hannunmu take ba, babban bututun titi ba a hannunmu yake ba, amma taku goman nan namu ne, mu mata. Kuma dabarar ba ta da tsada: mu kwaikwayi bututu.

Mu ba ruwa duhu da rufi. Tanki ya samu murfi mai kamawa, a ɗaure shi da waya don iskar farkon damina. Bututun da ke kwance a sarari a binne shi, don rana na busar da roba ta tsage. Randa ta samu faifai ko murfi, jarka ta samu marfinta na asali.

Mu raba hannu da ruwan sha. Lokacin korona a 2020 kowa ta ga bokiti mai famfo a ƙofar asibiti da makaranta. Irinsa mai murfi ya dace da ruwan shan yara. Wadda ba ta iya rabuwa da sanyin randa, ai ba laifi, ta samu moɗa mai dogon hannu, a rataye ta a ƙusa, a ɗiba a zuba a kofi, kada a sha da ita.

Mu bar ruwa ya yi gudu. In ruwa ya dawo bayan ɗaukewa, ko mun dawo daga tafiya, a bar na farko ya zuba har ya washe. Ba asara ba ce, a tare shi a yi yayyafin tsakar gida ko a ba shuka. Kada a zuba sabon ruwa kan tsoho. A juye, a wanke randa, sannan a cika. Jarka kuma a zuba mata 'yan tsakuwa da ruwan sabulu a girgiza sosai, a ɗauraye, a kife ta bushe. Mai garuwa ma a yi masa magana cikin mutunci ya riƙa yi wa nasa haka, don jarkarsa ita ce bututunmu.

Mu sa wa ruwa mai gadi. Akwai ƙwayar Aquatabs da ruwan WaterGuard da ake samu a kemis. A bi ma'aunin da aka rubuta a jiki, a jira minti 30 kafin a sha. In ruwan ya yi gurɓi, a bari ya kwanta a tace tukuna. In babu, a tafasa shi har ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya, a bar shi ya huce a rufe. Ruwan jarirai da na marar lafiya da na masu ciki, wannan kada a yi masa ƙyuya, musamman daga saukar ruwan sama zuwa kaka.

Bakin famfo kuma a cire masa tsumma, a riƙa goge shi da sabulu, a hana yara kafa baki. In kin ga bututu na yoyo a kwata, ko ba a ƙofarki ba ne, ki gaya wa maigida, a gaya wa mai unguwa. Iyayenmu maza da ke wurin nan, wannan naku ne. Hujin da ke ƙofar maƙwabci, randar gidanku yake nufa.

In kuma duk da haka yaro ya fara gudawa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, a ci gaba da shayar da nono, a tafi asibiti. Kada a jira gari ya waye in ana ganin yana zuba kamar ruwan shinkafa.

Saura abin da ya shafi ƙungiya. Sunanmu na kan kowace robar zoɓo da kunun aya da ke fita daga hannunmu. Uwa ta ba ɗanta kuɗi ya saya ne don ta yarda da mu. Rana ɗaya aka ce yaro ya kwanta saboda kayanmu, amanar da muka yi shekaru muna ginawa ta rushe, ga kuma hakki a wuyanmu gobe kiyama. Saboda haka kwamiti na kawo shawara uku gaban wannan taro. Ɗaya, a riƙa wanke tankin gidan sana'a sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta, babba ya shiga ba yaro ba, wani na tsaye a waje, a rubuta ranar a littafi kamar yadda ake rubuta zubi. Biyu, duk ruwan da zai shiga abin sayarwa, har wanda ake surkawa da shi da wanda ake wanke robobi, sai an tafasa ko an sa masa magani. Uku, a ware ɗan abu daga ribar bana a sayo bokitai masu famfo da murfi a sari, mambobi su ɗauka su biya kaɗan-kaɗan tare da adashi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kuɗin bokiti ɗaya bai kai na kwana ɗaya a gadon asibiti ba.

Guntun bututun nan da Inna ta tsinta ba mu yar da shi ba. Ga shi a kan teburin bakin ƙofa, kusa da hoton tankinmu da aka ɗauka a waya ranar da aka buɗe shi. In an tashi, kowa ta tsaya ta leƙa duka biyun, sannan in ta isa gida ta leƙa randarta.

 Wadda muka ɓata wa ta yafe mana. Allah ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka, ya raya mana zuri'a, ya tsare mu da annoba, ya mayar da kowa gidanta lafiya. Allah ya maimaita mana.